Ranar Da Na Ɗora Mai Rai A Makara

Har yau akwai gidajen da in na yi sallama a garinmu sai an yi jim kafin a amsa. Ban damu ba. Laifina ɗaya ne, kuma kowa ya san shi: na ɗauko makarar masallaci na ɗora mutum mai rai a kanta, ubansa na tsaye yana hana ni. Suna ba da labarin yadda suka ga dama a teburin mai shayi. To, ni ma na iya riƙe biro, ko da ban yi nisa a boko ba. Ga nawa.

A aji biyu na sakandare na tsaya. Ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba, babanmu ne ya rasu. Na yi shekaru da dama ina noma, sannan na tafi birni na samu aiki a wani asibiti: shara, goge ƙasa, tura gadon marasa lafiya. Shekara tara ina yi, yawanci a ɗakin da ake kawo waɗanda suka yi haɗari. Ranar da aka tashi rage ma'aikata, da marasa takarda aka fara. Na dawo gida da kayana a buhu, gemu ya soma fari. Ko sati ban yi ba aka laƙaba min suna, wai likitan tsintsiya. Wanda ya ƙirƙiro shi kuwa taubashina ne, ɗan kawuna, wan mahaifiyata. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, don haka tun muna yara bawansa yake kirana, ni kuma in ce masa mai tumbi. Daga bakinsa sunan bai dame ni ba, wasa ne tsakaninmu. Daga bakin sauran mutane ba wasa ba ne.

Amma mai shara yana da ido. A wannan ɗaki in hannu ya yi kaɗan ba a tambayar takardarka, sai dai ka ji an ce, “Kai, ajiye wannan, zo ka riƙe kan nan, kada ka bari ya motsa.” Na riƙe kawunan mutane ban san iyaka ba. Kuma na ga yadda ake kawo su. An naɗe mutum a bayan tasi kamar tabarma, ko an zaunar da shi a mashin tsakanin ƙarti biyu, kansa na lilo. ’Yan'uwansa su ce ai da ya faɗo yana motsa ƙafa, a hanya ta daina. Akwai wata likita gajeruwa, mai faɗa, ita ba ta ɓoye musu. Sai ta ce faɗuwar ta fasa ƙashi ne kawai, ɗaukar da kuka yi masa ita ta ƙarasa shi. Ina gefe da bokitina ina ji.

Mu kuwa a nan, in mutum ya faɗi, abin da hannu yake fara yi shi ne ɗaga shi. Kunya muke ji a ga babban mutum kwance a ƙasa. A ciccibe shi, a jijjiga shi, a sheƙa masa ruwa, a ɗura masa wani, a ja hannu a ja wuya wai jijiya ta koma wurinta, ana ta “tashi, tashi, ba komai, namiji ne.” Da ƙauna ake yi. Ban ce ba da ƙauna ba. Sai dai na ga abin da wannan ƙaunar take bari a kan gado.

Shekarar da abin ya faru ruwa ya zo da ƙarfi. Kacala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta toshe wa kogi hanyarsa, shi kuma ya nemi wata ta cikin gonakinmu. Shinkafar fadama ta riga ta nutse. Hanyar da ke kai mu kwalta ta yanke kwana da kwanaki, in za ka Haɗeja sai ka shiga kwalekwale tukuna. Bulama, mai garinmu, ya sa aka yi shela, duk namiji ya fito gayyar jinga a arewacin gari, inda ruwan ke lasar bayan gidaje. Tun safe muke cika buhuna da yashi, muna jerawa, muna kafa turaku a bayansu don kada ruwa ya ture. Wajen hantsi turaku suka ƙare.

Akwai wata tsohuwar darbejiya a wurin. Taubashina ya tuɓe takalmi, ya soke adda a ɗamara.

Na ce, “Kai mai tumbi, bar wa masu ƙashin hawa. Itacen nan jiƙe yake.”

Ya ce, “Bawa, tsaya a ƙasa ka tsince abin da ubangijinka ya saro. Ai shara sana'arka ce.”

Aka yi dariya. Ya hau. Ya saro rassa uku, ina ja ina kai wa masu fiƙewa. A na huɗu ya matsa gaba ya taka wani reshe da ya riga ya ruɓe ta ciki. Ban ga faɗowar ba, na juya baya. Ƙarar karyewa na ji, sannan wani tim, kamar an yar da buhun gero daga kan mota. Da na waiga yana kwance rigingine, gadon bayansa a kan saiwar itacen.

Kafin in iso har mutum biyu sun kama hannuwansa.

“Ku sake shi!”

Ban san ina da irin wannan murya ba. Suka sake don firgita, ba don sun yarda ba. Na zube gwiwa biyu a taɓo ta wajen kansa, na sa tafin hannuna biyu a kan kunnuwansa na riƙe. Idonsa a buɗe. Ƙirjinsa na hawa yana sauka, da ƙyar dai, amma yana yi. Jini na zuba daga wani tsagu a goshinsa.

Na ce, “Kana jina? Kada ka gyaɗa kai, da baki za ka amsa.”

“Ina ji.”

“Wane ne ni?”

“Bawana.” Ya ja numfashi. “Bayana, wayyo bayana.”

“Na sani. Kada ka motsa. Motsa min yatsun ƙafarka kawai.”

Na hagu suka motsa sosai. Na dama babban yatsa ne kaɗai ya ɗan yi alama. Ya ce kamar kiyashi ne ke bin ƙafar tun daga cinya. Na san wannan magana, na sha jin ta a asibiti. Amma yatsan ya motsa. Ma'ana abin da ke cikin ƙashin bai tsinke ba tukuna. Aikina ɗaya ne daga nan: ya isa asibiti da wannan yatsa yana motsi. Na sa wani ya tuɓe riga ya ninke ya danne goshin a hankali, na ce wasu su ja baya ya samu iska.

Sai ga kawu. Dattijo ne mai kaifi, ko Bulama ba ya katse masa magana. Ya ratso mutane da buta a hannu, yana salati.

“Me kuke jira? Ku tashe shi zaune ya sha ruwa.”

Na ce, “Kawu, a yi haƙuri, ba za a tashe shi ba. Ruwan ma kada a ba shi.”

“In ji wa?”

“Bayansa ne ya bugu. In aka lanƙwasa shi, ƙafar za ta iya tafiya gaba ɗaya. Ruwa kuma zai iya shaƙe shi a kwance, kuma in aiki za a yi masa a asibiti, gara cikinsa ba komai.”

Wani daga baya ya ce, “To fa, likitan tsintsiya ya buɗe asibiti.” Ba a yi dariya sosai ba, amma an yi.

Aka kira mai ɗori, yana can ƙarshen jingar. Ni ban raina mutumin nan ba, shi ya ɗora min hannu ina yaro, ga shi da shi nake rubutu. Ya tsuguna, ya zura hannu ta ƙarƙashi yana lalube. Taubashina ya yi wata ƙara da ban taɓa jin ya yi ba. Mai ɗori ya zare hannunsa. Ya matso kusa da kunnena ya ce a hankali, “Ni dai ban taɓa ɗora gadon baya ya yi kyau ba.” Na ce to faɗa wa kawu. Ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa, ya ce da ƙarfi Allah ya sawwaƙe, ya koma wajen buhunansa. Daga baya da aka tambaye shi cewa ya yi bai tuna ya faɗi haka ba. Allah na gani.

Aka shiga shawara, kowa da tasa. Ruwa kuma na ci gaba da hawa, Bulama na kiran mutane su koma aiki. Wani ya ce a kawo mashin a zaunar da shi a tsakiya zuwa bakin ruwa. Na ce a'a. Wani ya ce amalanke. Na ce za ta girgiza shi, kuma shanu ba za su ratsa taɓon nan ba. Na ce abin da nake so abu ne mai tauri, shimfiɗaɗɗe, wanda zai ɗauke shi daga kai har ƙafa bai lanƙwashe ba. Aka ce ƙyaure. Ƙyamaren garinmu kwano ne a kan siririn katako, yaro ma in ya hau sai ya lotsa. Na ƙarfen da ke gidan Bulama an kafe shi da siminti. Bencin makaranta ya yi siriri, rabin jikinsa zai zubo.

Ina riƙe da kan, ina bin garin gida-gida a zuciyata. Abu ɗaya ne tak. Wani maƙerin walda a Haɗeja ya yi mana ita, ƙarfe ce, an shimfiɗa mata katako, hannu huɗu. Tana jingine a bayan masallaci.

Na ce, “A ɗauko makara.”

Kowa ya juyo ya dube ni.

Kawu ya ce, “Me ka ce?”

“Makara, Kawu. Ita kaɗai ce za ta yi.”

“Fata kake yi masa? Ɗana yana numfashi, yana magana, ka ce a kawo masa makara? Abin da ka koyo ke nan a birnin?”

“Ƙarfe ne da katako. Ba ta kashe kowa.”

“Wanda ya hau ta ba ya dawowa!”

“Don ba a taɓa ɗora mai rai ba ne.”

Ya juya ga mutane. “Ku ɗaga min ɗana. Ni na haife shi, ni na ce.” Ya ajiye buta, ya sunkuya da kansa ya kama kafaɗarsa.

Nan ne na faɗi maganar da har yau ake maimaitawa. Ba zan gyara ta ba, ga ta yadda ta fito. Na ce, “Kawu, cire hannunka. Wallahi in ka ɗaga shi, kai za ka riƙa kwashe masa kashi da fitsari har ranar da za a ɗora ka a makarar.”

A gaban Bulama. A gaban surukansa da ’ya'yan cikinsa. Mutumin da ya yanka min ragon suna. Hannunsa ya tsaya a inda yake, ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Wani ya ce a'uzubillahi. Wani ya ce a mare ni. Da an mare nin ma ba zan iya karewa ba, hannuna biyu suna kan kunnuwan ɗansa.

Ɗan ne ya raba. Murya can ƙasa ya ce, “Baba, ƙyale shi. Ƙafar nan ba na jin ta daidai. Ƙyale shi ya yi.”

Kawu ya janye hannu. Bai ce na yarda ba.

To, an ƙyale ni, amma wa zai ɗauko? Duk wanda na kalla sai ya kalli ƙasa. Ba mai son a ce shi ya kawo wa ɗan dattijo makara. Akwai mai fito a wurin, wani Babade da ke zuwa da kwalekwalensa duk damina daga wajen Kirikasamma. Ba ɗan gari ba ne, ba ya auren kowa a cikinmu, ba abin da zai rasa. Na ce ya zo. Na nuna masa inda zai sa hannu, na zare nawa a hankali ya maye. Na ce ko wa ya ce ka saki, kada ka saki. Ya ce, “Ni kifi mai santsi ma ba ya ƙwace min.”

Na ruga masallaci. Ladan na zaune a inuwa, ya ce wa ya rasu? Na ce ba kowa. Na kife ta a ka na taho, tana bugun bayana. Mata na leƙowa ta kan katanga.

Na ajiye ta a gefensa, dab da jikinsa. Na karɓi kan. Na zaɓi mutum huɗu da sunansu, don in ka ce “wani ya zo” ba mai zuwa. Ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu, ɗaya a cinya, ɗaya ya tura makarar. Na ce ba ɗagawa za mu yi ba, mirginawa za mu yi, gaba ɗayansa lokaci guda kamar gungume, kai da ƙirji da ƙugu kada wani ya riga wani. In na ce uku. Muka mirgina shi ta gefe, aka cusa makarar, muka mayar da shi. Ya ciji leɓe har ya fashe. Na ce yatsa. Ya motsa.

Yashi dai ga shi nan tuli. Na sa aka yanka buhu aka ƙulla ƙunshi biyu ƙanana, na tokare kansa dama da hagu. Aka tsaga wani buhun aka yi ɗauri a goshi, a ƙirji, a ƙugu, a gwiwa. Yana kallon sama ya ce, “Bawa, likkafanin fa? Ko shi ma rowa za ka yi min?”

Na ce, “Yadi nawa zai rufe wannan tumbin? Rufe min baki.”

Abin da ban yi tsammani ba shi ne ƙafafun mutane. Na ce a riƙe ta da hannu a ƙasa-ƙasa, kada a kai kafaɗa, a tafi sannu. Taku goma ba mu yi ba na ga sun ɗaga ta sama, sun soma sauri. Ba da gangan ba. Jikinsu ne ya saba, in hannu ya ji makara ƙafa sai ta ɗauki saurin maƙabarta. Ga kuma masu tarowa daga lungu, kowa na miƙo kafaɗa zai karɓa ya samu lada, yadda ake yi. Kowace karɓa girgiza ce. Ina tafe da baya-baya, hannuna a kansa, ina ta haushi kamar kare: “Ku sauke ƙasa! Sannu! Ba a karɓa! Malam, matsa, ba gawa ba ce!” Wani tsoho da na ture wa kafaɗa bai sake yi min magana ba har ya bar duniya.

Hanyar bakin ruwa ta ƙofar gidan taubashina ta bi. Kafin mu iso labari ya riga mu, kuma labarin da ya je ba shi ne gaskiya ba. Kuka ya tashi a cikin gida. Matarsa ta fito ba mayafi, ta ga makara, ta zube.

Ya ɗaga murya iya ƙarfinsa, “Ke! Ban mutu ba. Wannan bawan ne ya ɗaure ni. Ki kwashe buhunan gero daga ƙasa, ruwa na zuwa.”

Kukan ya tsaya cak, sannan ya dawo da wata murya daban. Ban bari an tsaya ba.

A kwalekwale muka shimfiɗa makarar a tsaye bisa katakan zama. Na zauna ta wajen kai. Biyu daga cikin masu ɗauka suka shigo. Har mai fito ya sa gora zai tura, sai kawu ya tattare riga ya shigo ya zauna can ƙarshe, ya ba ni baya, ya ciro carbi. Muka ratsa ta kan gonakin mutane. Kan dawa ne kawai ke leƙowa. Mai fito ya bi ta wata kafa da masunta suka sare a cikin kacala, ganyen na shafar fuskar taubashina, ina kaɗe masa. Rana ta take, na cire hulata na kare masa ido. Leɓensa ya bushe, ya roƙi ruwa. Na jiƙa gefen rigata na shafa masa a leɓe, iyakarta ke nan. Jim kaɗan sai in ce yatsa. Ɗaya daga cikin mutanen ya leƙa ya ce ya motsa. Duk lokacin da aka faɗi haka sai in ji carbin kawu ya tsaya, sannan ya ci gaba.

Tun a ruwa na sa aka kira wani mai akori-kura a waya ya jira mu a kwalta. Mutanen da ke bakin gaɓa suna hango mu suka miƙe tsaye suna innalillahi. Direban ya ce shi ba a gaya masa gawa ce ba. Gawar ta ce masa, “Sannu da aiki, direba.” Ya ja da baya har ya taka kwata. Na ce masa tafiyar ƙwai za ka yi, duk rami ka tsaya ka lallaɓa. Ya yi, Allah ya saka masa.

A asibitin Haɗeja suka karɓe shi, suka zare shi daga makarar zuwa gadonsu yadda ya kamata, su ma mirginawa suka yi. Kada ka zaci wani ya ce min sannu. Wata ma'aikaciya ce ta dube ni sama da ƙasa, taɓo har gwiwa, ta ce in fitar da wannan abin waje yana tsorata marasa lafiya. Na fitar. Na zauna a gindin taga ina gadin makara. Ta tagar na ji likita yana yi wa kawu bayani bayan an ɗauki hoto: ƙashin baya ya tsage, ya ɗan danne lakar da ke ciki, amma bai goce ba. Ya ce da ya goce da wani zancen ake yi. Kawu ya ce alhamdulillahi. Bai ce wa ya hana shi gocewa ba, likitan ma bai tambaya ba.

Da la'asar na koma da makarar, ni da mai fito. Muna isa muka tarar jinga ta ɓalle. Ruwa ya shiga unguwar gangare, ya kwantar da ɗakuna, har da nawa. Aka ce da ban janye mutane daga aiki ana tsaka da shi ba, da ba ta ɓalle ba. Wataƙila. Ruwan da na gani ranar ba na jin hannu takwas za su tare shi, amma ba zan rantse ba. Wasu kuma suka ce makarar da aka fitar ba gawa ita ta jawo. Waɗannan ban ma tanka musu ba. Na wanke ta, na jingine ta inda na ɗauko, na je na tono abin da ya saura na kayana.

Taubashina ya yi makonni a asibiti, ya yi watanni a gida kwance a kan katako. Ni nake zuwa in juya shi, don matarsa ba za ta iya ita kaɗai ba, kuma ban yarda da hannun kowa ba. In na shigo kawu ya fita. Aka yi ta kawo rubutu yana sha, aka kawo man shafawa daga garin Malam Madori. Ban hana ba, ba su taɓa ƙashi. Sanyi ya wuce, aka fara ban ruwan tattasai, sannan ya dafa bango ya miƙe. Ƙafar dama tana ja har yau, ba zai ƙara hawa itace ba, amma da sanda yana zuwa gonarsa. Gari ya ce rubutun ya yi aiki. Na ce to.

Taubashin nawa ne ya matsa min. Kullum sai ya ce, “Ka je ka ba tsohon nan haƙuri. Kullum da maganarka yake kwana. Ni kuke wahalarwa, ina tsakani.” Na yi ta ƙi. Ranar da na ga abin yana cin sa da gaske, na ce mu je.

Muka sami kawu a zaure a kan buzu. Taubashina ya zauna a gefe ya miƙe ƙafa. Na tuɓe takalmi na durƙusa. Na gaishe shi, ya amsa a taƙaice.

Na ce, “Kawu, na zo neman gafara. Na ɗaga maka murya a gaban jama'a, na faɗa maka maganar da ɗa ba ya faɗa wa uba. Ban kyauta ba. Ka yafe min.”

Ya kalli ƙofa. Ya ce, “Makarar fa?”

“Wannan kam ba zan nemi gafara ba.”

“Ba za ka nema ba.”

“A'a. Gobe in wani ya faɗo, ita zan ɗauko. Ko kai ne, Kawu.”

Taubashina ya dafe kai ya ce, “Wannan bawa, Allah ya shirye ka. Haka muka yi da kai?”

Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ce ɗaga muryar ya yafe, don darajar ƙanwarsa da ke kabari. Sauran kuma mu haɗu gaban Allah. Na ce na yarda. Ya kawar da fuska, ya ce wa ɗansa, “Tashi ka raka shi. Ya fitar min daga zaure.”

Ɗan ya jawo sandarsa. Ya dafa ƙasa da hannu ɗaya, ya kafa ƙafar hagu, ya jawo ta dama, ya miƙe. Ban taimaka masa ba. Kawu ya ce ba ya son ganina, amma na ga idonsa ya dawo, yana bin ƙafafun nan taku-taku har muka fita ƙofa.